Yadda Muka Ƙona Dutsen Kalambaina Muka Yi wa Zauren Gidanmu Shafe

Zauren gidanmu na gado da ke cikin tsohon garin Sakkwato ginin ƙasa ne na tubali da azara, kuma shekaru da dama da suka wuce aka lulluɓe bangonsa da filastar siminti, kamar yadda aka yi wa gidaje masu yawa a lokacin da siminti ya wadata a gari. Niyyar waɗanda suka yi hakan mai kyau ce, domin so suke a huta da yaɓen da ake sabuntawa bayan damina. Sai dai siminti da ƙasa ba sa tafiya tare. Ƙasa tana kumbura idan ta sha danshi, tana motsewa idan ta bushe, shi kuwa siminti ya ƙage wuri guda, don haka dole ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ya zauna tsakanin filasta da bango yana cin ginin a ɓoye. Da muka ɓamɓare wani sashe na gindin bangon gabas, sai ƙasa ta zubo gari, muka tarar da rami mai zurfin da hannu ke shiga har wuyansa, alhali daga waje filastar tana tsaye sumul.

Da yake duba aikin gini ita ce sana'ata, 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin gyaran. Mayar da siminti ba ya cikin lissafina. Na fara tunanin komawa ga abin da magina na da suka sani, wato makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Amma marina sun ragu ƙwarai, katsi mai yawan da zai ishi bango huɗu ba ya samuwa cikin sauƙi, kuma waɗanda suka iya haɗin laso da kyau sun zama 'yan ƙalilan. Abin da ya rage shi ne farar ƙasa, ba wadda ake jiƙawa ɗanya a shafa wa ɗaki ba, ƙonanniya wadda ake kwaɓawa da yashi ta zama filasta. Na karanta amfaninta a makaranta, na san tana barin danshi ya fita daga bango, amma ban taɓa ganin an ƙona ta ba, duk da cewa garinmu a kan dutsenta yake zaune.

Kafin in taɓa komai sai na nemi wani abokina da ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai, muka fita bayan gari ta ɓangaren Wamakko, inda ƙauyen Kalambaina yake. Da sunan wannan ƙauye masana suka kira shimfiɗar dutsen gaba ɗaya, domin a ramin haƙar da ke kusa da shi aka fi ganin ta a sarari. A bakin wani kwazazzabo ya tsayar da ni ya nuna mini yadda ƙasar take hawa-hawa. Can ƙasa akwai wani yumɓu mai ruwan toka, mai ɓarewa falle-falle, wanda ake kira shimfiɗar Dange, kuma a cikinsa ake samun jifsam, wani farin ma'adini mai taushi, da dunƙulen fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. A kansa farin dutsen Kalambaina ya kwanta. Sama da shi akwai wani siririn yumɓu da ake kira shimfiɗar Gamba, sai kuma yashi da yumɓun shimfiɗar Gwandu, waɗanda suka rufe yammacin yankin. Waɗannan ukun na farko su ake haɗawa a kira rukunin Sakkwato, kuma duk wanda ya yi nazarin yankin a bayan nan yana komawa ga aikin Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya daɗe yana bin waɗannan duwatsu. Dukkansu sun ɗan karkata a hankali zuwa arewa maso yamma, shi ya sa abin da ke fili a gabashin Sakkwato yake nitsewa ƙarƙashin ƙasa idan aka nufi yamma.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne asalin dutsen. A zamanin da masana ke kira Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa miliyan 56 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya malalo daga arewa ta tsakiyar inda Sahara take yanzu, ya cika babban kwarin da ake kira Iullemmeden, wanda ya haɗa sassan Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya da arewacin Benin. A cikin ruwansa mai ɗumi ƙananan halittu masu ɓawo suka rayu suka mutu, ɓawonsu ya yi ta taruwa a ƙasan ruwa yana cakuɗuwa da laka, har nauyi da daɗewa suka mayar da shi dutse. Wannan ba magana ce ta littafi kawai ba. Abokina ya sunkuya ya tsinto wani abu zagayayye mai cika tafin hannun yaro, ya goge shi da babban yatsa, sai ga zanen ganye biyar a bayansa, shirye tsaf daga tsakiya zuwa gefe. Bushiyar teku ce da ta zama dutse. Muka ci gaba da tsintar ƙumba da katantanwa iri-iri, wasu cikakku, wasu siffarsu kawai ta rage a jikin dutsen. Ya gaya mini cewa tun kafin wannan teku an yi wani a yankin, wanda ya bar shimfiɗar Dukamaje, inda aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Na sha ganin yara suna wasa da irin waɗannan duwatsu a ƙauye, kuma ina ganin ya kamata malaman makarantunmu su riƙa kai ɗalibai su gani da idonsu, tun da abin yana bakin ƙofa.

Dutsen yana da wani aiki da mutanen yankin suka fi sani. Yana da tsage-tsage da ramuka da ruwan sama ya narkar, ruwa yana taruwa a cikinsu, yumɓun Dange da ke ƙasa kuma ya hana shi zurarewa, shi ya sa rijiyoyi da yawa na yankin daga jikinsa suke sha, kuma maɓuɓɓugansa ne ke ciyar da tafkin Kware. Sai kuma siminti. Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya da aka kafa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, saboda wannan dutse aka ajiye shi a nan, kuma yau masana'antar tana hannun kamfanin BUA. A ƙetaren iyaka ma, masana'antar simintin Malbaza ta jihar Tawa a Nijar daga farin dutse na wannan zamani take ci. Ke nan simintin da ya cuci bangonmu da farar ƙasar da nake nema don in gyara shi uwarsu ɗaya, wuta da haɗi ne suka raba su.

Tunanina na farko shi ne in sassaƙa dutsen in gina gindin bango da shi, domin na ga hotunan gine-ginen Alƙahira da aka yi da sassaƙaƙƙen farin dutse, kuma a yankinmu ma gini da dutse ba baƙon abu ba ne, ganuwar Surame ta zamanin Kanta shaida ce. Na kai samfuri wurin wani dattijon magini da ya yi wa mahaifinmu aiki. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya ce, "Ɗana, wanga dutse ba ya ɗaukar sassaƙa. Ka jiƙa shi ka gani." Na ce, "To, Baba." Na jera gutsattsari a cikin bokiti na zuba ruwa, na riƙa fitar da su suna bushewa a rana ina mayarwa. Ba a daɗe ba wasu suka fara sakin laka, wasu suka dare ta inda jijiyar yumɓu ta ratsa su, 'yan kaɗan ne suka tsaya yadda suke. Dalilin a fili yake. Dutsen Kalambaina ba shimfiɗa ce mai kauri iri ɗaya da za a yanka a fitar da manyan tubala masu kusurwa ba. Yawancinsa dunƙule-dunƙule ne, mai taushi, cakuɗe da yumɓu, kuma wannan yumɓu da ya rage masa daraja a wurin mai sassaƙa shi ne ya sa ya dace da masu siminti, tun da su dama sai sun haɗa farin dutse da yumɓu. Don haka na bar maganar sassaƙa, na tsayar da shawara cewa marmara za ta riƙe gindin bango, farin dutse kuwa wuta za a kai shi.

Samun dutsen yana da ƙa'ida. Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma mai son buɗe wurin fasa dutse sai da lasisi. Mu ba haƙa muka yi ba. Masu haƙar rijiya a ƙauyukan wajen sukan fito da farin dutse su tara a gefe ba su da abin yi da shi, sai muka sanar da mai garin, muka saya daga masu gonakin da tarin yake ciki. Wahalar tana wurin zaɓe. Kowane dunƙule sai an fasa an duba cikinsa. Wanda ya fito fari tas ko mai ɗan ruwan madara, mai amo idan an buga, shi muke ajiyewa. Mai rawaya-rawaya da ke murmushewa a hannu, ko mai jan tabo na ƙarfe, mu ware shi gefe. Abokina ya kawo asid mai rauni a 'yar kwalba, idan ya ɗiga a kan dutse mai kyau sai ya yi ta tafasa yana kumfa nan take, mai yumɓu da yawa kuwa kumfar ba ta da ƙarfi kuma tana barin tabon laka. Wanda ba shi da asid zai iya gwadawa da ruwan lemon tsami a kan garin dutsen, zai ga kumfar ko da ba ta kai waccan ba. Daga nan leburori suka farfasa zaɓaɓɓen zuwa girman dunƙulen hannu, muka bar wasu manya don bakin wuta, muka shanya duka ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen dutse yana fashewa idan wuta ta kama shi farat ɗaya.

Tanderun a bayan gari muka gina shi, nesa da gidaje, saboda hayaƙinsa yana da illa. Mun sami gefen wani tsohon ramin ɗibar ƙasa muka jingina shi da gangaren, yadda ƙasar za ta riƙe zafi, kuma a iya loda dutse ta sama a hura wuta ta ƙasa. Zagayayye ne, tsayinsa ya ɗara na mutum, an gina shi da jan bulo an yaɓe cikinsa da yumɓu mai kauri. Na ɗauko wani mutum da sana'arsa ƙona jan bulo ce, domin shi ya san halin wuta. Da manyan duwatsun aka ɗaure baka a kan wurin wuta, kowane dutse yana danne ɗan'uwansa ba tare da kwaɓi ba, sannan aka yi ta jera sauran a kai, manya kusa da wuta, ƙanana can sama, ana barin 'yan kafofi don harshen wuta ya ratsa. Aka rufe saman da tsingaro da laka, aka bar ƙofofin hayaƙi. Akwai wata hanya da ake jera dutse da gawayi hawa-hawa a cinna musu wuta gaba ɗaya, ta fi sauƙi, amma toka tana cakuɗuwa da farar ƙasar, ni kuwa mai tsabta nake so saboda shafen ƙarshe.

Abin da ake nema a cikin tanderu shi ne dutsen ya kai zafin kusan digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma daɗe a haka har zafin ya ratsa tsakiyar kowane dunƙule. A wannan zafi ne iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa take fita, kuma nauyinta ba kaɗan ba ne: kilo 100 na tsantsar dutse yana komawa kilo 56, sauran 44 sun bi iska. Masu siminti sukan kai wutarsu kusan digiri 1450, inda farin dutse da yumɓu ke narkewa su haɗe su zama wani abu dabam, a niƙa shi da jifsam. Mu ba ma son kaiwa can. Da ƙaramar wuta aka fara, aka daɗe a kanta, farin tururi yana fita ta sama, alamar sauran danshi ne ke tafiya. Da tururin ya ɗauke sai aka ƙara itace, hayaƙi ya yi baƙi, duwatsun saman suka yi baƙi da shi. Daga nan babu barci, domin idan wuta ta faɗi a tsakiyar aiki, dawo da ita yana cin itace ninki. Muka kasu kashi-kashi, dare da rana. Ba mu da ma'aunin zafi, idon mai bulo ne ma'auninmu, kuma da dare ya fi gani. Ya kira ni in leƙa ta bakin wuta: duwatsun da na sani farare sun zama ja, daga ja suka koma ruwan lemo mai haske, har ba a iya rarrabe dutse da harshen wuta. A sama kuma baƙin da ya rufe tsingaron ya ƙone ya washe, wuta marar hayaƙi ta fara leƙowa ta kafofin, lodin gaba ɗaya ya ɗan zauna ƙasa. Ya ɗauki dogon rodi ya soka ta sama, ya ce da fari yana cin karo da tauri, yanzu kuwa yana shiga ba gardama. Sai aka toshe bakin da laka aka bar tanderun ya huce da kansa.

Da aka buɗe, siffar duwatsun ba ta canza ba, har zanen ƙumba yana nan a jikin wasu, amma duk wanda ka ɗaga sai hannunka ya yi sama saboda rashin nauyi. Na auna wasu da na yi wa alama tun kafin lodi, na tarar sun rasa kusan kashi biyu cikin biyar na nauyinsu, abin da ya dace da dutsen da ke da ɗan yumɓu a ciki. Ba duka ne suka nuna ba. Na gefen bango da na can sama wasu idan an fasa sai a ga ɓawon ya yi laushi amma ƙwayar ciki tana nan da taurinta, waɗannan sai a ajiye su don wata wutar. Na bakin wuta kuma wasu sun ƙone fiye da kima, sun yi duhu da ƙyalli. Su ne masu haɗari, domin ba sa narkewa da wuri, sai bayan an yi shafe su sha danshi su kumbura su ɓula filasta. Muka tsince su muka zubar.

Ƙonanniyar farar ƙasa ba ta jira, tana jan danshin iska ta lalace, don haka washegari muka shiga jiƙo. Wannan shi ne mataki mafi haɗari a aikin duka, kuma ina roƙon duk mai son gwadawa kada ya raina shi. Kowa ya sa tabarau mai rufe ido, da safar hannu ta roba, da takalmin roba mai tsawo, aka kori yara daga wurin, aka ajiye ruwa mai tsabta kusa saboda wanke ido. Ana fara zuba ruwa a cikin rabin duro na ƙarfe, sannan a riƙa sa dutsen kaɗan-kaɗan da shebur. Da fari shiru. Can sai a ji yana tsatsa, dunƙulen ya tsage ya buɗe, ruwan sanyi ya kama tafasa da kansa ba wuta a ƙarƙashinsa, tururi ya turnuƙe, ɗigon da ya fantsamo a fata kuma yana ƙuna. Mutum ɗaya yana juyawa da dogon itace ba tsayawa, wani yana ƙara ruwa kada ya ƙafe. Idan tafasar ta kwanta sai a tace ta rariyar ƙarfe zuwa cikin ramin da muka haƙa muka daɓe, tsakuwar da ba ta narke ba ta tsaya a kan rariya. A cikin ramin farar ƙasar takan kwanta, ruwa ya taso sama, a bar shi ya rufe ta don kada iska ta taɓa ta. Bayan makonni ta yi kauri da santsi kamar kindirmo, kuma iya daɗewarta iya kyanta. Sai dai akwai abin lura game da dutse mai yumɓu: farar ƙasar da ta fito daga irinsa tana iya daskarewa ko a cikin ruwa. Saboda haka na dunƙula kaɗan na jefa a kwalbar ruwa na ajiye ina dubawa. Ta zaɓaɓɓen farin dutse ba ta daskare ba, ita muka bari a rami. Ta ragowar mai ruwan rawaya kuwa, wanda shi ma ya shiga wuta, ta fara tauri, sai muka yi amfani da ita da wuri a gindin bango, inda dama irinta ake so.

Lokacin shafe ma sai an zaɓa. A zafin bazara na Sakkwato, ko a tsakiyar hunturu da iska ke busar da komai, filastar farar ƙasa tana bushewa kafin ta kama, ta zama gari. Ita ba bushewa ce ke sa ta tauri ba. Iskar kabon da wuta ta kora ce take sake sha daga sararin sama a hankali, daga waje zuwa ciki, har ta koma irin dutsen da ta fito, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ɗan danshi. Muka fara aiki da kaka, bayan ɗaukewar ruwa. Aka ɓamɓare siminti duka, aka bar bangon ya sha iska, aka cike ramukan da ƙasa irin tasa, aka gina gindin da marmara, ana kwaɓa farar ƙasar da yashi da garin jan bulo, wanda ke taimaka mata ta kama a wuri mai danshi.

Babbar matsalar ita ce sa farar ƙasa ta riƙe bangon ƙasa, kuma a nan ilimin dattijon ya fi nawa amfani. Ya sa aka karce bangon da ƙusa a gicciye, aka kafa ƙananan tsingaro da tsakuwa a jikin sabon yaɓen tun yana ɗanye, kawunansu a waje, don filasta ta sami abin kamawa. Aka yayyafa ruwa, sannan aka watsa hawa na farko mai ruwa-ruwa da ƙarfi, ba a shafa shi da cokali ba. Kwaɓin hawa na biyu kwanon sarki ɗaya ne na farar ƙasa, uku na yashi mai kaifi da aka wanke, da gashin awaki da muka samo a majema muka wanke muka warware, domin ya riƙe filastar kada ta tsage. Ba a ƙara ruwa sosai, dukan kwaɓin da taɓarya ne ke sa shi laushi. Birkilolin da suka saba da siminti sun so su yi hawa ɗaya mai kauri su goge shi sumul su tashi, sai dattijon ya hana, ya ce kowane hawa kada ya wuce kaurin yatsa, kuma ba a ɗora wani sai na ƙasa ya kai yadda babban yatsa ba ya lotsa shi amma farce yana karce shi. Muka rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gaban bangon, ana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Inda 'yar tsaga ta bayyana sai a danne ta da katako tun filastar tana da laushi. Daga ƙarshe aka tsinka farar ƙasar ta zama ruwa-ruwa aka shafa da burushi, hawa bayan hawa, kowanne siriri. Yayin da ake shafawa ba a ganin komai sai jiƙaƙƙen bango, har wani ƙanena ya yi zaton ruwa ya yi yawa, amma da ya bushe sai farin ya fito.

Damina ta zo ta wuce a kansa. Bangon gabas, wanda hadari ke duka, ya rasa wani abu na farin shafensa, kuma haka ake so, shafen ya ci dukan a madadin filasta, a sabunta shi da burushi cikin yini guda. Filastar kanta ba ta saki ba sai wuri ɗaya ƙarƙashin wani tsohon indararo da ke zubar da ruwa a jikin bango, muka sauya shi da mai tsawo muka cike wurin da ragowar abin da ke rami. Bayan ruwan sama bangon yakan yi duhu ya jiƙe, amma kafin yamma ya bushe, kuma warin danshin da ya daɗe a cikin zauren ya tafi. Siminti yana da wurinsa, ba zan yi dakali ko kwalbati ko ginin bulo da farar ƙasa ba, amma a kan bangon ƙasa ba zan sake yarda a sa shi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne itace. Tanderu irin namu yana cin itace mai yawan gaske, mafi yawan zafin kuma ta sama yake tserewa, a yankin da hamada ke matsowa kuma kowace bishiya take da daraja. Busassun rassan darbejiya da aka sassabe a cikin gari muka saya, duk da haka yawan abin da ya ƙone ya dame ni. Ba zan ba kowane mai gida shawarar ya gina nasa tanderun ba. Wanda gyaransa kaɗan ne ya nemi jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ta buhu a wurin masu sayar da kayan gini ko kayan tace ruwa, ya jiƙa ta ta kwana biyu kafin kwaɓi, za ta yi masa aiki. Inda kuwa tsofaffin gidaje suke da yawa a unguwa ɗaya, gara a haɗa kai a gina tanderu guda mai tsawo da kaurin bango, wanda ake loda shi ta sama ana kwashewa ta ƙasa ba tare da wutar ta mutu ba, domin irinsa ya fi tattalin makamashi nesa ba kusa ba. Masu gidaje biyu a layinmu sun riga sun zo sun duba bangon sun tambayi kuɗin da aka kashe, kuma mun fara maganar yin hakan tare da su kafin kaka mai zuwa.